Su wane ne mutanen tsaunukan Kan'ana, kuma wa suke bauta wa?

Ɗan'uwa, tambayarka ta iso. Ka ce ka ji ana cewa masu tonon kufai sun gano Bani Isra'ila na farko, waɗanda suka zauna a tsaunukan Kan'ana, ba baƙi ba ne daga Masar, 'yan ƙasa ne, kuma abin da Kan'aniyawa ke bauta wa shi suke bauta wa. Kana so ka san ko haka ne, ko ƙarin gishiri ne irin na intanet.

Gishirin yana nan, amma akwai miya a ƙarƙashinsa. Yawancin mutanen nan, a iya abin da ƙasa ta nuna, 'yan gida ne: manoma da makiyayan Kan'ana da suka haura tudu lokacin da biranen kwari suka durƙushe. Wasu tsiraru sun shigo daga kudu da gabas, kuma ga dukkan alamu su ne suka zo da sunan Yahweh, wato sunan Allah a Littafi Mai Tsarki na Ibrananci. Abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa shi ne, ƙasa ta fi ba mu labarin cikinsu fiye da na zuciyarsu. Mun san abin da suka ci, mun san inda suka kwana. Abin da suka yi imani da shi kuwa, lalube muke yi.

Bari mu fara da wurin. Tsaunukan nan su ne ƙashin bayan ƙasar, daga wajen Jenin a arewa, ta Nablus da Ramallah da Kudus, har Hebron a kudu, wato yawancin abin da ake kira Gaɓar Yamma a yau. Wuri ne na duwatsu da kurmi, ruwansa na sama ne da 'yan maɓuɓɓugai. A ƙarni na 14 kafin Miladiyya (K.M.) mutane kaɗan ne a cikinsa. Muna da wasiƙun da aka tono a Amarna ta Masar a 1887, kusan 380, rubutattu a kan allunan yumɓu, kuma a cikinsu manyan sarakunan tudun biyu ne: Labaya na Shekem da Abdi-Heba na Urushalima, wato Kudus. Fir'auna ne ubangidansu, kuma rabin wasiƙun sarakunan Kan'ana kai ƙarar juna ne da kukan wasu da ake kira Apiru, mutanen da suka fice daga hannun hukuma, ba gari ba gona, wani lokaci 'yan fashi, wani lokaci sojan haya. Garuruwan tudun gaba ɗaya a wancan zamani ba su wuce talatin ba.

Daga wajen shekara ta 1200 K.M. sai abu ya juya. Cikin ƙarni biyu ƙauyuka kusan 250 suka tsiro a kan tuddan. Masanin tonon kufai Israel Finkelstein ya ƙiyasta mutanensu da kimanin 45,000 a wajen shekara ta 1000 K.M., takwaransa William Dever kuma ya kai lissafinsa sama da haka. Haihuwa kaɗai ba ta kawo irin wannan yawa cikin wannan ɗan lokaci. Dole mutane sun zo daga wani wuri, ko kuma suna nan da ma ba a ganinsu, sai yanzu suka gina abin da zai bar kufai. Duk gardamar a nan take.

Yadda aka san ƙauyukan ma abin faɗa ne. Ba tono aka yi wa yawancinsu ba, tafiya aka yi. Bayan yaƙin 1967, da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma, masu bincike irin su Finkelstein a ƙasar Ifraimu da Adam Zertal a ƙasar Manassa suka bi tudu tudu da ƙafa, shekara da shekaru, suna tsintar tsingaro suna kai wa taswira. Bakin tukunya da hannunta suna sauya fasali daga zamani zuwa zamani, don haka gwani na ɗaukar tsingaro ya faɗa maka ƙarninsa. Kada ka manta a ƙarƙashin mamaya aka yi aikin, kuma siyasa ba ta taɓa barin wannan fage ba. Sai dai abin da suka samo bai yi wa masu son a tabbatar da Littafin Joshuwa daɗi ba, wanda hakan ya ƙara mini yarda da alƙaluman.

Shiga ɗaya daga cikin ƙauyukan ka gani. Mutum ɗari ne, ko ƙasa da haka, a kan ƙoƙon tudu. Babu ganuwa, babu fada, babu gidan da za ka nuna ka ce na sarki ne. Gidan dutse ne, da layin ginshiƙai biyu ko ɗaya da suka raba shi dogayen ɗakuna uku, da wani ɗaki a kwance a baya. Ɗakunan gefe an shimfiɗa musu duwatsu, nan tumaki da awaki da jaki ke kwana, mutane kuma su haura sama, ɗumin dabbobi na taso musu da sanyin hunturu. A tsakar gida ga dutsen niƙa, ga tanda, ga rumbu, amma rumbunsu rami ne a ƙasa da aka jera wa duwatsu. Ga rijiyar tara ruwan sama da aka sassaƙa cikin dutse. A jingine da bango ga randa mai tsayin fiye da mita ɗaya, da wani kauri kamar ƙulli zagaye da wuyanta. Ita ce masu fannin suka fi sani, har ta zama tambarin zamanin. Ban da ita sai tukunyar girki. Babu kwano mai zane, babu kayan Kubrus ko na Girka da suka cika biranen kwari ƙarni ɗaya kafin nan, kayan ado kaɗan, makami kaɗan. Alkama da sha'ir suke nomawa, da inabi da zaitun inda wuri ya ba da hali. Talauci ne, amma na wanda ke cin guminsa ba ya biyan kowa haraji.

Amsa ta farko da aka bayar game da asalinsu ita ce ta yaƙi: runduna ta ƙetaro Kogin Urdun ta ci biranen Kan'ana, kamar yadda Littafin Joshuwa ya kawo. William Albright na Amurka da almajiransa suka tsaya a kan wannan. Tono ne ya rushe ta. Kathleen Kenyon ta yi aiki a Yariko daga 1952 zuwa 1958, ta nuna babban birnin mai ganuwa ya ƙone tun wajen 1550 K.M., kuma a ƙarni na 13, lokacin da ake sa ran Joshuwa, babu birnin kirki a wurin. Labarin birnin Ai ya fi muni. Littafin ya ce an kashe mutum 12,000 a can, amma tonon Judith Marquet-Krause a shekarun 1930 da na Joseph Callaway daga 1964 sun nuna wurin kango ne tun wajen 2400 K.M., fiye da shekara dubu, sai da wani ɗan ƙauye ya zauna a kan kangon a wajen 1200. Sunan Ai ɗin ma da "kufai" ake fassara shi. Callaway malamin makarantar tauhidin Kirista ne, ya je da fatan tabbatar da nassi, ya dawo ya faɗi abin da ya gani.

Hazor ce ta fita daban. Ita kam wuta ta ci ta a ƙarni na 13, gagarumar wuta, kuma an tarar da gumaka da mutum-mutumin sarakuna an sare musu kai da hannu da gangan. Amnon Ben-Tor, wanda ya jagoranci tononta daga 1990, ya ce Isra'ilawa ne suka fi dacewa da aikin. Abokiyar aikinsa Sharon Zuckerman ta ga boren cikin gida ne. Toka ba ta sa hannu.

Abin da mutane kan tsallake shi ne, Littafi Mai Tsarki da kansa bai yi magana da murya ɗaya ba. Joshuwa sura 12 ta jera sarakuna 31 da aka ci. Juya shafi zuwa Littafin Mahukunta sura 1, sai ga jerin biranen da ba a iya ci ba: Bet-sheyan, Ta'anak, Dor, Magiddo, Gezer. A Joshuwa 17 ma zuriyar Yusufu suna kuka cewa mutanen kwari na da karusan ƙarfe, aka ce musu su hau tudu su sare kurmi. Wannan hoton na biyu shi ya yi daidai da abin da ke ƙasa.

Tun 1925 Bajamushe Albrecht Alt ya kawo wata amsa: makiyaya ne da ke shigowa da rani daga bakin hamada, a hankali suka zauna a inda ba kowa, faɗa da birane ya biyo baya. A 1962 George Mendenhall ya ce a'a, talakawan Kan'ana ne suka gaji da sarakunansu suka fice, Norman Gottwald kuma a 1979 ya mayar da abin juyin juya halin manoma. Wannan ta ƙarshe ta fi kama da zamanin marubucinta fiye da zamanin da take bayani, amma ta bar abu ɗaya da ya tsaya: a nemi asalin mutanen a cikin Kan'ana.

Finkelstein ya ɗauki wannan ya ba shi wata fuska. Ya lura ba wannan ne karo na farko da tudun ya cika ba. Ya cika a farkon Zamanin Tagulla ya watse, ya sake cika a tsakiyarsa ya watse, na 1200 shi ne na uku, kuma sau da yawa a kan tuddan da aka zauna a baya. A ganinsa mutanen ba sa zuwa ko'ina, sana'a suke sauyawa: in zamani ya yi kyau su noma, in ya ɓaci su bi dabba. Kai da ka san yadda nono ke zuwa kasuwa ya koma ruga a matsayin gero, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Makiyayi ba ya rayuwa sai da hatsin manomi. Ranar da kasuwar hatsi ta mutu, dole ya kafa bukka ya kama fartanya. Kasuwar kuwa ta mutu. Daular Hittiyawa ta faɗi, birnin Ugarit na gaɓar Siriya ya ƙone a wajen 1185 K.M., Ramsis na Uku ya yi ta fama da mutanen da suka zo ta teku, kafin 1130 Masar ta tattara nata ta bar Kan'ana. Garin furen tsirrai da aka haƙo daga ƙasan Tafkin Galili ya nuna fari mai tsanani tsakanin kimanin 1250 da 1100 K.M. Hujjar Finkelstein da ta fi burge ni ita ce Izbet Sartah, wani ɗan ƙauye a gefen tudu ta yamma: zaman farko a wurin ɗakuna ne a jere sun yi ƙawanya, da fili a tsakiya, kamar yadda makiyaya ke kafa tantuna su sa garke a ciki.

Dever bai yarda ba. Ya ce wanda ya tashi a bayan tumaki ba ya wayar gari ya iya sassaƙa rijiya a dutse, ya gina gona hawa-hawa a jikin tudu, ya gina randar da ta kai ƙirjin mutum. Waɗannan hannun tsofaffin manoma ne da suka gudo daga ƙauyukan kwari. Ni dai ban ga dalilin zaɓar ɗaya a yar da ɗaya ba. Gabashin tudun, mai fuskantar hamada, shi ya fara cika kuma ya fi kama da zaman makiyaya. Yammacinsa na zaitun da inabi ya biyo baya. Tudu mafaka ce, kuma mafaka ba ta tambayar mutum daga ina. Manomin da haraji ya koro, da makiyayin da hatsi ya yanke wa, da ɗan Apiru, da makiyayan da Masarawa ke kira Shasu daga ƙetaren Urdun, duk suna iya zama maƙwabta, jikokinsu su tashi da kaka ɗaya a baki.

Shaidar cewa 'yan gida ne tana da nauyi. Tukunyar girkinsu 'yar tukunyar Kan'ana ce ta ƙarni na 13, ba a sami giɓi ba. Harshen Ibrananci ɗan'uwan na Finikiyawa da na Mowabawa ne, Ishaya 19:18 ma "harshen Kan'ana" ta kira shi. A cikin wani rumbu a Izbet Sartah aka tsinci tsingaro a 1976, wani ɗan koyo ya karce haruffa a kai, layi huɗu na gwaji, na biyar kuma abajadin Kan'ana, daga hagu zuwa dama, da kurakurai irin na ɗan makarantar allo. Ita randar nan mai ƙulli, da aka daɗe ana cewa ta Isra'ilawa ce kaɗai, Moawiyah Ibrahim ya same ta jingim a Sahab kusa da Amman, an kuma same ta a Magiddo. Annabi Ezekiyel ma ya gaya wa Urushalima a sura 16 cewa asalinta ƙasar Kan'aniyawa ne.

Saura alade. Ƙasusuwan alade kusan babu su a ƙauyukan tudu, alhali a biranen Filistiyawa irin su Ashkelon da Ekron sun kai kusan ɗaya cikin biyar na ƙasusuwan dabbobi a farkon zamanin. An daɗe ana riƙe wannan a matsayin shaidar farko ta haramci. Amma binciken Lidar Sapir-Hen da abokanta a 2013 ya nuna Kan'aniyawan kwari ma ba sa cin alade sosai a lokacin, har da ƙauyukan Filistiya. Alade na son ruwa da inuwa, ba ya bin garke. Mai yiwuwa abin ya fara a matsayin halin rayuwa, ya zama abin da ake nuna bambanci da Filistiyawa, daga baya ya zama shari'a.

To su waye suka ce sunansu Isra'ila? A nan dutse ɗaya ne ke riƙe da mu. A gidan tarihi na Alƙahira akwai wani allon baƙin dutse mai tsayin fiye da mita uku, wanda Flinders Petrie ya tono a Thebes a 1896. Na Amenhotep na Uku ne tun asali, Fir'auna Merneptah ya juya bayansa ya rubuta kirarin nasararsa a wajen 1208 K.M. Layi 28 ne, kusan duka kan yaƙinsa da Libiyawa. A layi na 27, can ƙasa inda sai ka durƙusa, ya ambaci Ashkelon da Gezer da Yano'am, sannan ya ce Isra'ila ta zama kango, irinta ya ƙare. Rubutun Masar yana ƙara wa suna wata alama da ba a furtawa, mai nuna wane irin abu ne. Biranen uku an sa musu alamar ƙasa mai tuddai. Isra'ila kuwa an sa mata namiji da mace a zaune a kan zane uku: jama'a ce, ba birni ba. Wato a daidai lokacin da ƙauyukan ke fara tsirowa akwai wasu mutane a Kan'ana da ake kira Isra'ila, waɗanda suka isa Fir'auna ya yi alfahari da cin su. Cewa su ne mutanen ƙauyukan, haɗi ne da masu bincike suka yi. Ina ganin haɗin ya yi, tunda a wannan tudun ne masarautun Isra'ila da Yahuza suka taso daga baya ba tare da an sauya mutane ba. Amma ba kowane ƙauye ne zai amsa sunan ba a ƙarni na 12.

Masar fa? Ba a sami sawun mutum dubu ɗari shida da Littafin Fitowa ya ce sun fito daga Masar a Sina'i ba, kuma tudun gaba ɗaya bai ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ba. Amma shiga da fitar mutanen Asiya a gabashin Masar abu ne sananne. Akwai rahoton wani jami'in kan iyaka, a takardar da ake kira Anastasi ta Shida, yana cewa sun bar Shasun Edom sun wuce sansanin Merneptah zuwa tafkuna don su rayu su da dabbobinsu. Sunaye irin su Musa da Finehas da Hofni, duk a zuriyar Lawi, na Masar ne. Ƙaramar ƙungiya da ta fito daga can ba za ta bar abin da mai tonon kufai zai tono ba, amma tana iya barin labarin da kowa zai ɗauka ya zama nasa, musamman ga mutanen da su ma a Kan'ana ƙarƙashin Fir'auna suka sha wuya.

Yanzu addini. Fara da sunan kansa: Isra-El. Wannan El ɗin shi ne a ƙarshen Isma'ila da Jibrilu da Mika'ilu, kuma tushensa ɗaya da "ilah" na Larabci. A harsunan yankin kalma ce ta abin bauta, kuma suna ne na babban abin bautar Kan'ana. Allunan Ugarit, da aka fara tonowa a Ras Shamra ta Siriya a 1929, sun nuna shi tsoho mai furfura, uban alloli da mutane, mai tausayi, ana masa kirari da Bijimi, matarsa Athirat wadda Ibrananci ke kira Ashera, a ƙarƙashinsa ga Ba'al mai hadari da ruwan sama, ga Anat mayaƙiya. Jama'ar da ta sa El a sunanta ba Yahweh ba, ta gaya maka wanda ta fara kira. Littafin Fitowa 6:3 ya ce kakanni sun san Allah da sunan El Shaddai, ba su san shi da Yahweh ba. Dubi sunayen garuruwa: Bet-el, Ba'al-hazor, Anatot, Bet-shemesh wato gidan rana. Da ƙyar ka sami tsohon gari mai sunan Yahweh.

Wuraren ibadar da aka tono ba su cika yatsun hannu ba. Wanda na fi so shi ne wani ƙoƙon tudu a arewacin Samariya, kusa da Dotan. Ba gari a kansa, ƙauyuka ne kewaye da shi. An jera duwatsu sun yi da'ira mai faɗin kimanin mita 20, da wani babban dutse a tsaye a gefen gabas da daɓe a gabansa. A nan wani ya tsinci ɗan bijimin tagulla, Amihai Mazar ya bi sawu ya tona wurin, ya wallafa a 1982. Tsawonsa santimita 17 da ɗoriya, zai zauna a tafin hannunka. Yana da tozo kamar shanunmu, ƙafafu a miƙe, ramukan ido a buɗe inda aka taɓa cusa dutse ko gilashi. Na El ne, ko na Ba'al, ko na Yahweh? Bijimi ya dace da duka ukun, kuma babu rubutu. Finkelstein ma ya yi gardamar cewa ya girmi zamanin. An sami irinsa a Hazor ta Kan'aniyawa. In ka tuna ɗan maraƙin da aka ƙera a bayan Annabi Musa, da maruƙan da Sarki Yerobowam ya kafa a Betel da Dan, ka ga abin ba baƙo ba ne a wurinsu.

A Dutsen Ebal, saman Nablus, Zertal ya tona wani gini daga 1982 zuwa 1989, kimanin mita 9 da 7, cike da toka da ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da barewa, da hatimai biyu na Masar na zamanin Ramsis na Biyu. Ya ce bagaden Joshuwa ne na sura 8. Aharon Kempinski ya ce hasumiyar tsaro ce. Da yawa sun tsaya a tsakiya: wurin yanka da cin abinci ne na jama'a, amma ba a san wa ake yi wa ba. Ɗan guntun darmar da aka yi ta yayatawa a 2022 cewa an karanta sunan Yahweh a cikinsa, yawancin masana rubutu sun duba hotunan sun ce ba su ga haruffa ba, ni ma ba na kafa hujja da shi. A Shilo an sami ɗakunan ajiya cike da randuna, wuta ta cinye su a wajen 1050 K.M., amma ƙoƙon tudun inda ɗakin ibada zai kasance ya zaizaye.

Sunayen mutane sun fi gine-gine magana. Gidiyon na Littafin Mahukunta sunansa na biyu Yerubba'al. Ɗan Saul, wanda Alƙur'ani ya kira Ɗalutu, sunansa Eshba'al a 1 Tarihi 8:33, amma a Littafin Sama'ila an mayar da shi Ishboshet, "mutumin kunya", don marubutan baya sun ƙi rubuta Ba'al. An kuwa tono tulu a Khirbet Qeiyafa mai sunan wani Eshba'al, na wajen 1000 K.M., da tsingaro a Khirbet al-Ra'i da aka karanta Yerubba'al a kai. Sai dai a yi hattara, "ba'al" na nufin maigida ko ubangiji, mai yiwuwa wasu Yahweh suke nufi da shi. Ɗaya daga cikin kawunan kibau na tagulla da aka samu a al-Khadr kusa da Baitalami yana ɗauke da "ɗan Anat", laƙabin da Shamgar ke da shi a Mahukunta 3:31.

Yahweh kuma ba ya cikin jerin allolin Ugarit. Tsofaffin waƙoƙin Ibrananci duk kudu suke nunawa: waƙar Debora a Mahukunta 5 ta ce ya taso daga Seyir da filin Edom, Habakuk 3 ta ce daga Teman da Dutsen Faran. Mafi tsufan rubutun da ake ganin sunan a ciki kuwa a Sudan yake. A Soleb, a gaɓar Nilu ta yamma can arewacin ƙasar, Amenhotep na Uku ya gina haikali a ƙarni na 14 K.M., a gindin ginshiƙansa an zana fursunoni ɗaure da sunayen ƙasashensu, ɗaya an rubuta "ƙasar Shasu ta Yahu". Jerin Ramsis na Biyu a Amara ta Yamma, ita ma a Sudan, ya maimaita sunan tare da wani da ake karantawa Seyir. Ƙara da cewa a Madayana Annabi Musa ya yi aure kuma surukinsa firist ne a Littafin Fitowa, sai ka gane abin da ya sa masana da yawa ke ganin makiyayan kudu ne, na yankin Edom da arewa maso yammacin Arabiya, suka kawo wannan suna, ta hanyar fatauci da jan ƙarfen kwarin Araba. A tudu aka gane shi da El, suka zama ɗaya. Wani guntun Maimaitawar Shari'a 32 da aka samu a kogunan dutse na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, ya adana tsohon karatu inda Maɗaukaki ya raba al'ummai bisa yawan 'ya'yan Allah, rabon Yahweh ya zama Yakubu.

Yaushe hakan ta faru, ƙasa ba ta faɗa ba. Rubutu na farko da ya haɗa Yahweh da Isra'ila ba tare da shakka ba shi ne dutsen Mesha sarkin Mowab, na wajen 840 K.M., wanda aka samu a Dhiban ta Jodan a 1868. Shekara ɗari uku da wani abu ke nan bayan Merneptah. Ko a lokacin ma ba shi kaɗai ake kira ba: a Kuntillet Ajrud a Sina'i, wajen 800 K.M., matafiya sun rubuta a jikin randuna suna sa albarka da "Yahweh na Samariya da asherarsa".

Wannan shi ke tayar wa masu imani hankali, Musulmi da Kirista, amma ni ban ga sabon abu a ciki ba. Littafin Mahukunta sura 2 ya ce sun bar Ubangiji sun bi Ba'al. Suratus Saffat ta kawo Annabi Ilyasu yana tambayar mutanensa ko Ba'al za su riƙa kira su bar mafi kyawun masu halitta. Annabawa ba su yi ta faɗa da abin da babu shi ba. Inda aka rabu shi ne jerin abubuwan: nassi ya ce tauhidi ne farko aka kauce, masana tarihi da yawa sun ce bautar da yawa ce farko, kaɗaitawa ta ƙarfafa a hankali har ta kai ga gyaran Sarki Yosiya a wajen 622 K.M. da zaman bauta a Babila. Cebur na iya nuna maka abin da ƙauye ya aikata. Ba ya iya nuna ko wani ya tsaya a tsakiyar ƙauyen ya ce musu kuskure ne. Abu ɗaya dai ya cancanci lura: a ƙauyukan tudu na wannan zamani mutum-mutumin abin bauta namiji kusan babu shi, alhali biranen Kan'ana na da su da yawa. Dutse a tsaye marar fuska ya fi yawa. Ko talauci ne, ko ƙyamar sura ce tun da wuri, ana kan gardama.

Ka tambaya a ƙarshe ko gwajin jini bai raba gardamar ba. An yi. Binciken 2020 a kan gawarwaki 73, akasari na Zamanin Tagulla daga wurare irin su Magiddo da Hazor, ya nuna Yahudawa da masu jin Larabci na yankin a yau duk sun gaji rabi ko fiye na jininsu daga mutanen da ke da alaƙa da waɗannan Kan'aniyawa. Na 2019 a Ashkelon ya sami jinin Turai a jariran Filistiyawan farko. Amma mutanen tudu ba su shiga ba, saboda dalili mai ban mamaki: kaburburansu kusan ba a same su ba. Kan'aniyawa na binne iyali a kogo da tukwane da kayan ado, su kuwa waɗannan ga alama rami kawai suke haƙawa a bayan gari su rufe, ba kaya ba alama, don haka mai tafiya yana tsintar tsingaro zai taka kabarin ya wuce bai sani ba.